Giginya Mai Kai Biyu

Ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da Alu direba ya tsaya a gaban allon sanarwa na ofishinmu, ya ɗora yatsa a kan hoton da na fi alfahari da shi a duk aikina, ya ambaci sunan wurin da na yi alkawarin ɓoyewa. An nemi in rubuta wa sababbin ma'aikatan sashenmu wani abu daga cikin abin da na gani a bakin aiki. Wannan shi ne abin da nake da shi, kuma zan kawo shi daki-daki yadda ya faru.

Sunana Haliru, haifaffen garin Gwandu. Bayan na kammala digiri da hidimar ƙasa, na sami aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai kula da fadamu da tsuntsayen ruwa, a matsayin mataimakin jami'in yaɗa labarai. A samana akwai shugaban sashe, Malam Atiku, wanda babu hoto ko rubutun da ke fita daga ofis sai da sa hannunsa. Aikina kashi biyu ne. Ina fita fadama da kyamara in ɗauko hotunan tsuntsaye, sannan in zauna gaban kwamfuta in gyara su kafin su shiga rahoto ko a buga su don wayar da kan jama'a.

Ga wanda bai san aikin ba, gyaran hoton namun daji yana da iyaka. Hoton da ya fito daga kyamara muna kiransa ɗanye, domin sau da yawa yakan zo da duhu ko da launi marar ƙarfi. An yarda mai gyara ya daidaita haske da launi, an kuma yarda ya yanke gefen hoton idan akwai dalili. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya ƙara abin da babu, ko ya goge abin da ke tsakiyar hoton. Akwai kuma doka ta musamman game da tsuntsun da ya yi ƙaranci. Kyamarar zamani tana rubuta rana da lokaci da ainihin wurin da aka tsaya a jikin hoto, ta yadda ido ba ya gani amma manhaja tana karantawa. Wajibi ne a goge waɗannan bayanai kafin hoton ya fita, don kada mafarauta su bi su. Na haddace dokokin nan tun makona na farko, kuma ina taƙama da cewa ban taɓa karya ko ɗaya ba. Har yau ɗin nan ban karya ba, kuma wannan na daga cikin abin da ke damuna.

Shekarata ta farko ta ƙare a kan belbela da shamuwa da zalɓe a tafkunan da ke wajen Dalijan da Maruda, sai kirinjijiya da dinya a fadamar Kalgo. Tsuntsu ɗaya ne ban taɓa gani a sake ba, wato gauraka. Malam Atiku ya ce shi ma tun da ya fara aiki bai taɓa ganinsa a fadama ba. Inda ake ganinsa yanzu shi ne gidajen masu hali, an yanke masa gashin fukafuki, yana zagaya tsakar gida a tsakanin motoci don baƙi su gani su yaba. Saboda haka ne masu kama shi ba sa barin duk wanda suka ji labarinsa.

Mutumin da ke ɗaukar mu a jirgi idan mun je fadamar Kalgo wani dattijon masunci ne mai suna Baba Tunau. Ba shi da yawan magana, amma idan ya yi, yana da barkwanci. Wata rana muna hutawa a inuwa na buɗe littafin tsuntsaye ina nuna masa hotuna yana faɗa mini sunayensu. Da muka zo kan gauraka sai ya daɗe yana kallo, sannan ya juya shafin da kansa. Wannan ne ya sa na yi zargin ya san inda suke. Na yi watanni ina bin sa da roƙo. Na ce masa yaran da ke tasowa ba su san gauraka ba sai a baki. Na ce idan muka sami shaida cewa har yanzu yana ƙwai a fadamar nan, za mu iya neman a kare wurin. Na gaskata duk abin da na faɗa masa.

A farkon watan Agusta na shekarata ta biyu, ruwa ya cika fadama, ya kira ni gefe. Zan kawo maganarsa da harshensa na mutanen gulbi, domin haka take a kunnena.

"Ɗan Gwandu, ka ishe ni. Akwai su, mata da miji. Duk damina suna zuwa wani lungu su yi ƙwai. Tsohona ya gwada min wurin, shi ma tsoho nai ya gwada mai. Mu gidanmu ba mu sa taru can sai ɗiyansu sun tashi."

Na tambaye shi yadda aka yi sauran masunta ba su sani ba. Sai ya yi murmushi.

"Kado ka tsaron su."

Kado shi ne kada a bakinsu. Na ce, "Baba, akwai kada a wurin, za ka kai ni?"

"Kwantar da hankalinka, malam. Kadon ga ba shi da haƙori ko guda. Ni ka kiwo nai, da baki. Duk shekara in ruwa ya kawo, sai in zamna bakin kwata, wurin jirage, in ce na gane shi, ya ƙara girma, ya ja min akuya. Shekara ta hi talatin ba wanda ya kuskura ya kai jirgi nai can."

Muka yi dariya tare. Daga nan ya ɗaure fuska, ya ce zai kai ni sau ɗaya, da sharaɗi guda: wurin ba zai fita ba, ko a baki ko a takarda. Na ɗora hannu a ƙirji na yi masa alkawari. Na ma yi masa bayanin bayanan da ke ɓoye a jikin hoto da yadda muke goge su. Ya saurara da ladabi, ko da yake na san bai ga abin da ya haɗa wannan da shi ba. Na ce idan yana so ya ɗaure mini ido a hanya, na yarda.

"Mi za ni ɗaure ma? Kai mutumen tudu na. Ruwa duk ɗaya na gare ka."

Ranar Alhamis, da muka idar da sallar asuba, muka shiga jirgin da ya riga ya lulluɓe da ciyawa. Na kwanta ruf da ciki a gaba, kyamara da dogon madubinta a kan buhu, shi kuma yana tuƙi daga baya ba tare da filafilin ya yi ƙara ba. Mun ratsa cikin dogayen ciyayi da bado na kusan sa'a guda. Sauro ya ci ni har na daina korar sa. Gaskiyar Baba ce, da za a ce in koma ni kaɗai ba zan gane hanya ba. Can sai na ji jirgin ya tsaya, ya taɓa ƙafata.

Suna nan a kan wani ɗan tudu na ciyawa da ruwa ya kewaye. Ɗaya na kwance a kan sheƙa, ɗayan na tsaye yana gadi. Jikinsu baƙi ne mai sheƙi, da fari a fukafuki, kumatu fari da ja, sai wannan tukku na kansu mai ruwan zinariya. Da rana ta fara ɗagowa ta bayan hazon ruwa, na kwancen ya miƙe, na hango ƙwai biyu a ƙarƙashinsa. Suka fuskanci juna, suka sunkuyar da kai, suka buɗe fukafukai, haske ya bi ta cikin tukkayensu. Na shiga danna kyamara. Ban san adadin da na ɗauka ba. Ba mu fi rabin sa'a ba Baba ya ja jirgin baya. A hanyar dawowa ya ce, "To, ka gani. Yanzu sai ka bar ni in huta."

Ranar Asabar da hantsi na zauna a ɗakina a Gwandu na buɗe ɗanyun hotunan. Ɗaya ya fi sauran nesa ba kusa ba: tsuntsayen biyu a hagu suna fuskantar juna, gefen dama kuwa duhu ne da hazo. Bisa al'adata, ba na son barin wani sashe na hoto a dushe. Na ɗaga hasken wurin da ke da duhu a hankali, sai wata itaciya ta fara fitowa daga cikin hazon, can nesa a bayan tsuntsayen. Giginya ce doguwa, wadda ta rabu biyu daga sama, kowane reshe da kansa na ganye. Kawunan nan biyu sun yi daidai da kawunan tsuntsayen biyu, kamar an tsara.

A nan ne nake so sababbin ma'aikata su karanta a hankali. Tunanin yanke gefen ya zo mini. Doka ta ba ni dama, kuma na gwada. Na ja layin yanka na fitar da giginyar, na jingina da kujera na duba. Hoton ya yi kyau, amma ya matse, ya zama hoton tsuntsaye kawai irin wanda ke cikin kowane littafi. Na mayar da ita, sai ya koma abin da ban taɓa yin irinsa ba. Na yi haka sau uku. A ƙarshe na ce wa kaina, giginya nawa ce a ƙasar Kebbi? Na bar ta. Na goge bayanan ɓoye, na sake dubawa sau biyu don in tabbata. Sannan na shafe fiye da sa'a guda ina gyara jimlar da za ta zauna a ƙarƙashin hoton, ina auna ko in ce "a wata fadama" ko "a ɗaya daga cikin fadamun jihar nan", don kada kalma ta tona wurin.

Ranar Litinin na kai wa Malam Atiku. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake duba hoton.

"Haliru, kai ka ɗauki wannan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"A ina?"

"Na yi alkawarin ba zan faɗa ba, yallaɓai, ko da kai ne."

"Madalla, haka ake so. Ka goge bayanan wuri?"

"Na goge, na kuma sake dubawa."

Ya sa hannu. A taron sashe na wannan makon aka yanke shawarar cewa hoto irin wannan bai kamata ya tsaya a rahoto ba. Za a buga shi babba, a rubuta kira ga jama'a su daina kama gauraka, a liƙa a inda masunta da manoman fadama ke taruwa, tun da su ne ke kusa da tsuntsun. Ni na fi kowa goyon bayan shawarar. Da aka kawo bugun bayan kwana goma, ni da kaina na bi kasuwa da tasha da bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, ina shafa gam ina liƙawa. Ranar Laraba ce. Na nemi Baba Tunau in nuna masa, aka ce ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Na ji haushin bai ga aikin ba.

Alu, direban ofishinmu, ɗan asalin Kalgo ne kuma jikan masunta. Shi ya saba kai mu ko'ina, amma a makonnin nan yana hutu yana jinyar mahaifiyarsa, wata mota muka yi haya. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, yana kuma kirana Malam Ƙamus saboda yawan gyara wa mutane magana da nake yi. Ranar Litinin da ya dawo, ya shigo yana gaisawa da kowa, sai ya tsaya a gaban allon.

"Kai, Malam Ƙamus, aikinka na wanga? Wallahi ka iya. Ashe akwai sauran gauraka ga lungun Mai Kai Biyu!"

Na ce, "Me ka ce?"

"Lungun Mai Kai Biyu mana. Ga ta nan." Ya ɗora yatsa a kan giginyar. "Goruba ka yin rassa, malam, giginya ba ta yi. Duk gulbin ga ita ɗai ta. Da ita masunta ka gane hanya in ruwa ya rufe komi. Ga rana nan ta hito ta hannun dama nata, ke nan kana yamma da ita, wajen da anka ce kado na nan. To kai, da kadon fa? Ko shi ma ka gyara mai Hausa ya ƙyale ka?"

Yana dariya. Da ya ga fuskata sai dariyar ta tsaya.

"Ina kunka liƙa shi?"

Na faɗa masa.

"Tun yaushe?"

"Tun Laraba."

Ya ɗauki makullin mota. Malam Atiku ya fito daga ofishinsa yana tambayar abin da ya faru, na yi masa bayani a tsaye cikin jimla biyu, ya ce mu tafi.

Mun fara da tasha da kasuwa, muna yage abin da na liƙa da hannuna. Gam ɗin ya kama sosai, sai da farce. A bakin kwata mun tarar da mutane zaune a ƙarƙashin hoton suna gyaran komar kamun kifi. Ina cikin yagewa wani daga cikinsu ya ce, "Malam, bar shi mana, ai mun riga mun gani." Wani ya karɓa, "Mu dai abin da munka lura, mai hoton ga cikin jirgi ya zamna, tsakiyar gidan kado, kuma ga shi ya hito da ƙahwahu nai biyu." Suka fashe da dariya. Babu mugunta a dariyar. Na tambaye su ko wani ya je wurin. Nan take kowa ya mayar da ido kan komarsa. Ɗaya ya ce baƙi suna zuwa kwata kullum, ba a bin sawun kowa.

Mun sami Baba Tunau a ƙofar gidansa yana ɗinkin taru. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa gaisuwar cikakkiya, ya tambayi mutanen Gwandu, ya tambayi jikin mahaifiyar Alu. Bai dube ni ba. Da na buɗe baki zan fara bayani sai ya ajiye tarun ya ce, "Taho ka gani da idonka. Kai mai son gani na."

Muka shiga jirgi mu uku, har da Alu. Wannan karon bai lulluɓe jirgin ba, bai kuma bi ta zagaye ba. Ya miƙe kai tsaye, giginyar tana gabanmu tun daga nesa, a fili, ta fi komai tsawo. Na yi mamakin yadda ban gan ta ba ranar farko, sai na tuna cewa a kwance nake, idona a cikin kyamara. Ciyawar da muka ratsa da ƙyar a wancan karon yanzu ta kwanta, jirage sun yi hanya a cikinta.

A kan tudun mun tarar da sheƙar a tattake. Akwai turaku biyu da ragowar zaren roba na tarko. Ƙwai ɗaya babu shi. Ɗayan ya fashe, ɗan tsakon da ke ciki ya riga ya yi gashi, tururuwa sun rufe shi. A gefe kuma ga dogayen gashin fukafuki a zube, farare da baƙaƙe, an yanke su da almakashi, bakin yankan a miƙe. A wurin masu tarkon suka yanke wa wanda suka kama, don kada ya wahalar da su a jirgi.

Baba ya ce ranar Juma'a ya dawo daga ta'aziyya ya ga hoton a kwata. Bai ko shiga gida ba ya zo nan, ya tarar an riga shi.

"Guda sunka samu. Gudan ya tsere."

Kamar yana jin mu, sai kukan ya taso daga wajen giginyar, kuka mai kauri, sau biyu a jere. Muka ɗaga kai. Yana kewaya sama, ya yi nisa ya dawo, bai sauka ba. Kyamarata tana rataye a wuyana. Ban taɓa ta ba.

"Kwana ukku ke nan shina haka," in ji Baba. "Ba shi ci, sai kira."

Na ce, "Baba, wallahi na goge bayanan. Ban faɗa wa kowa ba, ko shugabana bai sani ba."

"Na yarda. Ba ka yi ƙarya ba." Ya sunkuya ya ɗauki gashi ɗaya yana juya shi. "Alu ya taɓa ce min kuna iya yanke hoto ku bar abin da ku ka so. Gaskiya na?"

"Gaskiya ne."

"Ba ka ga itaciyar ba?"

Da zan iya cewa ban gan ta ba, da na sami sauƙi. Na ce, "Na gan ta, Baba. Na cire ta, na mayar."

"Don mi?"

"Hoton ya fi kyau da ita."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba amsar da ta gamsar da shi. Alu ya juya mana baya yana kallon ruwa.

"Ya yi kyau kam," in ji Baba. "Na tsaya na dube shi. Ban san haka su ke da kyau ba sai ga takardarka." Ya miƙo mini gashin. "Riƙe. Tsuntsu dai Allah ya yi kwana nai ya ƙare nan. Amma kadona, ɗan Gwandu, shekara talatin ina ba shi abinci da bakina. Kai ka kashe shi da yini guda. Ko wasu sunka zo baɗi, da mi za ni tsare su?"

Ya tura jirgin.

Washegari na rubuta rahoton abin da ya faru, shafi uku, na ɗora laifin inda yake. Malam Atiku ya karanta a gabana. Mutum ne mai adalci, kuma na ga abin ya taɓa shi.

"Haliru, ka ƙara wani abu a hoton?"

"A'a, yallaɓai."

"Ka goge wani abu daga tsakiyarsa? Ka bar bayanan wuri?"

"A'a."

"To a takarda ba ka da laifi. Ni ma na dube shi na sa hannu. Ni ɗan birni ne kamarka, itaciya na gani." Ya ajiye rahoton. "Akwai wata magana. Na riga na aika hoton babban ofis tun makon jiya. Sun zaɓe shi ya zama bangon rahoton shekara."

Na roƙe shi a janye shi. Na ce tsuntsayen da ke ciki, ɗaya yana tsakar gidan wani ba fukafuki, ɗayan yana yawo shi kaɗai. Ya ce ya sani, amma shi ne kaɗai shaidar da muke da ita cewa gauraka ya yi ƙwai a fadamar, kuma da shi za a nemi a kare ta. Abin da zai iya yi shi ne ya umarce ni in yanke giginyar kafin a buga. Na koma kujerata na ja layin yankan. Bai ɗauke ni minti ɗaya ba.

Mun kai ƙara ga hukumar da abin ya shafa, an karɓi bayaninmu da mutunci, ba a sami kowa ba. Alu ya ce gaurakan da ya tsira ya yi kusan mako biyu yana kewaya giginyar, daga nan aka daina jin sa. Da damina ta zagayo na koma lungun a jirgin wani, sau huɗu, tun daga Yuli har ruwa ya fara janyewa. Taruna ne ko'ina, domin wurin da aka shekara talatin ba a taɓa ba kifinsa ya yi yawa. Masuntan suna gaishe ni da fara'a, wasu har godiya suke yi mini. Batun kare fadamar yana nan a takarda, ana jiran amsa. Ko da amsar ta zo, ban san me za a kare ba.

Baba Tunau yana nan da ransa. Idan na je Kalgo nakan kai masa gaisuwa, yakan amsa, ya sa a kawo mini ruwa. Bai taɓa tayar da maganar ba. Amma tun ranar bai sake ɗaukar ma'aikacinmu a jirginsa ba. Idan aka nema sai ya ce bayansa na ciwo. Na san akwai wasu abubuwa da ya sani a gulbin nan waɗanda babu su a littafinmu, na kuma san za su tafi tare da shi.

Abin da wannan al'amari ya koya mini game da aikinmu ba mai daɗi ba ne. Dokokin da muke bi an rubuta su ne don tsoron mai karanta hoto da na'ura. Ba su san da mutumin da ya girma a kan ruwa ba, wanda itaciya da inuwa da gefen da rana ta fito suke gaya masa wuri dalla-dalla fiye da kowace manhaja. Mu masu digiri muna ganin fadama a matsayin bayan hoto, su kuwa unguwarsu ce, kowane lungu da sunansa. Na kuma koyi cewa mai gyaran hoto yana iya cika kowace doka ya ci amana, idan son a yaba aikinsa ya zauna kusa da shi a lokacin da yake yanke shawara. Nawa ya zauna kusa da ni ranar Asabar ɗin nan, na kuwa saurare shi har sau uku.

Saboda haka ne za ku ga wani mataki a tsarin sashenmu wanda babu shi a littafin horo. Kafin hoton tsuntsu mai ƙaranci ya je teburin Malam Atiku, sai an kai wa Alu, ko wani ɗan gulbi da muka amince da shi, an tambaye shi, "Ina ne nan?" Idan ya amsa, hoton ba ya fita, komai kyansa. Wasunku sun yi gunaguni cewa ba daidai ba ne aikin mai digiri ya jira hukuncin direba. Na ji, ban kuma yi fushi ba.

Rahoton shekarar yana nan a kan kanta a ɗakin baƙi, tsuntsayen biyu a bangonsa suna fuskantar juna, babu itaciya a bayansu. Kusan duk sabon ma'aikaci yakan ɗauka ya tambaye ni ko zan kai shi wurin wata rana ya gwada sa'arsa. Ga amsar sau ɗaya, don kada a sake tambaya. Wurin ba asiri ba ne yanzu, kowane mai jirgi a bakin kwata zai kai ku. Ku ce masa lungun Mai Kai Biyu. Za ku tarar da giginyar tana nan tsaye. Abin da ya rage na gauraka kuwa yana cikin aljihun teburina, gashi ɗaya ne, da bakin almakashi a jikinsa.